Wankin zinariya a kudancin Maraɗi, ba zaiba, ba ramin da aka bari buɗe

Kwana biyu kafin mu tashi daga Maraɗi na kai wa mai walda zanen kwamin wanki, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Kwamin kamar indararo yake: tsawo mita ɗaya, faɗi santimita 15, bangon kowane gefe santimita 8, ƙarshensa a buɗe. Na ce ya lanƙwasa falan ƙarfe guda, kada ya haɗa guntaye, domin duk inda walda ta bar tudu ko rami a cikin kwami, nan ruwa zai karkace ya riƙa cin gefe ɗaya. Sai tsani, wato ƙarafuna shida da ke gitta kwamin, tsayin kowane bai wuce santimita ɗaya ba, tazarar santimita 10 a tsakaninsu, duk a jikin firam ɗaya da ake ɗagawa a cire. Na hana shi shafa fenti, na hana shi shafa mai. Ya ce, "Malam, ai zai yi tsatsa." Na ce tsatsa ba ta ɓata wannan aiki. Mai ne ke ɓata shi, don ko ɗigo ɗaya ya shiga ruwan, sai ya naɗe ƙananan ƙwayoyin zinariya su taso saman ruwa su bi shi su wuce. Shi ya sa sabon kwami ake fara wanke shi da omo, a ɗauraye sau biyu.

Sauran kayan duk a kasuwar Maraɗi muka same su. Tabarmar roba mai layi-layi irin ta ƙasan mota, da tapi mai gashin roba irin wanda ake shimfiɗawa a bakin ƙofa. Rariyar ƙarfe biyu, mai ido milimita 12 da mai ido milimita 6. Manyan baho uku masu cin lita 80 kowane, da na huɗu na jiƙa tsakuwa. Bututun roba mai faɗin milimita 63, ƙaramin famfo mai aiki da batir ɗin mota wanda aka rubuta masa lita 4,000 a awa, da batir ɗin kansa. Maganaɗisu daga tsohuwar lasifika, baƙar tasa ta roba, 'yar kwalba mai murfi, takalman roba, shebur, tsohon buroshi da cokali.

Mu uku muka bar gari bayan sallar asuba, ni da wani abokina mai gyaran famfo da wani ɗalibi mai karatun duwatsu. Farkon Nuwamba ne, gero ya shiga rumbu, gulbi ya ja, sai 'yan tafkuna a lungu-lungu. Lokacin aikin ke nan. Da damina ba a shiga ƙorama da shebur, domin ana iya tafka ruwa can wajen Jibiya alhali a nan gari garau, sai dai ka ji ruri, kafin ka tattara kaya kwarin ya cika. Da bazara kuwa, ruwan da za ka ɗiba na bakin mutane da dabbobi ne.

Wanda ya san ƙasar Maraɗi ya san yawancinta jigawa ce, rairayi kan rairayi. Sai ka nausa kudu kusa da iyaka kake ganin tsohon dutse yana leƙowa, irin wanda ya miƙe har Katsina da Zamfara, da jijiyoyin farin dutse a jikinsa. Zinariyar da ake samu a ƙoramu daga nan take fitowa: dutse ya ruɓe shekara da shekaru, ruwan sama ya kwaso, mai nauyi ya zauna a hanya, marar nauyi ya wuce. Gulbin Maraɗi kansa daga Najeriya yake tasowa, ya bi ta madatsar Jibiya, ya shigo Nijar ya ratsa Madarunfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Muna wuce garaken zogale na Jiratawa ɗalibin ya nuna su da hannu, ya ce duk abin da muka zubar a sama, nan zai biyo.

Ba zan faɗi sunan ƙauyen da muka sauka ba, kuma da gangan ne. A 2021 da labarin zinariya ya fito a yankin Ɗan Isa, dubban mutane suka kwarara cikin 'yan makonni, kamar yadda aka yi a Jado, can arewacin Nijar, a 2014. Gonaki suka koma ramuka. Ranar 7 ga Nuwamba na 2021 rami ya rufta a Garin Liman da ke wannan yanki, mutum 18 aƙalla suka rasa rayukansu. Allah ya jiƙansu. Mai neman zinariya don sha'awa, ko manomin da ke ɗan taɓawa bayan girbi, bai kamata bakinsa ya jawo wa wani ƙauye irin wannan ba. Haka kuma ya sani cewa a dokar Nijar abin da ke cikin ƙasa na gwamnati ne. A fara biyawa ofishin ma'adinai na jiha a ji wuraren da aka rufe da takardar da ake bukata, a kuma tambayi mutanen gari lafiyar hanya, don kudancin Madarunfa ya sha fama da 'yan bindiga.

Da isarmu muka yi gaisuwa wurin mai gari, shi ya haɗa mu da dattijon da gonarsa ke bakin ƙoramar. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, "'Ya'yana, abu biyu. Kada ku taɓa mini gaɓa, kada ku ɓata tafkin can, nan shanu ke sha." Muka ce, "Baba, mun ji, kuma kana nan za ka gani." Ya ɗauko sandarsa ya raka mu.

Maganarsa ta gaɓa daidai take ta kowace fuska. Gaɓar ƙorama saiwoyin kanya da gawo da ciyawa ne ke riƙe da ita. Ka haƙe gindinta da shebur, damina ɗaya ta isa ta zabtaro, ta ja gonar mutum taku biyu ko uku, kuma wannan ƙasa ba ta dawowa. Mun sa wa kanmu iyaka: ba haƙa a ƙasa da taku uku daga gindin gaɓa, ba sara saiwa, ba rami da ya wuce gwiwa zuwa cinya, ba kuma kurɗawa ta ƙarƙashi. Jiƙaƙƙen yashi mai faɗi da tsawo da zurfi mita ɗaya-ɗaya ya haura tan ɗaya da rabi. In ya zubo kan mutum a durƙushe, ba ya iya tashi.

Zinariya ma ba ta cika zama a gaɓa ba. Nauyinta ya ninka na ruwa sau 19, yashi kuwa sau biyu da rabi da ɗan ɗoriya, baƙin yashi, wato mai ƙarfe a jikinsa wanda maganaɗisu ke kamawa, kimanin sau biyar. Saboda haka duk inda ruwa ya rage gudu, ita ke fara zama, kuma ta yi ta nutsewa cikin tsakuwa har ta iske abin da zai tare ta. Wuraren da ake dubawa su ne cikin kwana inda tsakuwa ke taruwa, bayan babban dutse ta ɓangaren da ruwa ke tafiya, tsagar fa, da saman shimfiɗar yumɓu. Kafin mu sauke kwami daga mota mun ɗebi shebur ɗaya-ɗaya a wuri shida muka wanke a tasa. Huɗu ba komai. Ɗaya baƙin yashi kawai. Na shida, a wata tsagar fa da ta gitta ƙoramar, muka ga ƙwaya biyu ƙanana kamar garin gero. Nan muka tsaya. Wannan gwaji na awa ɗaya shi ke hana mutum haƙa rami goma a banza. Tsagar kuma ba da diga ake shigarta ba. Da cokali da buroshi ake kwashe ta har ƙasa, domin abin da ake nema yana cikin 'yar lakar da ta manne a can gindi.

Kwamin ba mu kafa shi cikin tafki ba. Mun kai shi kan busasshen yashi, taku ashirin daga ruwa, muka jera bahon nan uku a gangare, kowane ya ɗan fi na bayansa ƙasa. Abokina ya huda su kusa da baki ya haɗa su da bututu. Ƙarshen kwami yana zuba a baho na farko, ruwa ya tsallaka na biyu, ya tsallaka na uku, famfo ya ɗauke shi daga nan ya mayar kan kwami. A cikin baho na farko muka tsayar da bokiti daidai inda kwamin ke zuba, tsakuwa ta riƙa faɗawa ciki, in ya cika a ɗauke a sa wani. Famfon kuma ba a ajiye shi a gindin baho, ana ɗora shi kan dutse ko a rataye shi a tsakiyar ruwa, in ba haka ba laka zai riƙa zuƙa, yashi ya cinye masa fanka. Bututun haɗi in ya yi siriri, baho na farko zai yi ambaliya na ƙarshe ya ƙafe, famfo ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. Shi ya sa muka ɗauki mai milimita 63.

Jarka sha huɗu masu lita 25 muka ɗebo, na cika tsarin da na jiƙo da ciko. A lissafa. Famfon da aka rubuta wa lita 4,000 a awa, in ya ɗaga ruwa sama mita ɗaya, abin da ke fitowa bai fi kusan lita 50 a minti ba. Da a ce daga tafki muke ja muna saki, aikin awa biyar zai ci lita 15,000, kuma duk ya koma ƙorama jajawur da laka. Da juyi, lita 350 ta ishe mu wuni. Injin ban-ruwa mai inci biyu da mutane suka saba da shi yana ba da wajen lita 500 a minti, ninki goma na abin da wannan kwami ke bukata. Zai wanke tapin tas, ya zuƙe tafkin shanu kafin azahar, ga fetur da baƙin mai da ke ɗiga a yashi. Batir ɗin mota mai cikakken caji yana jan ƙaramin famfo awa shida zuwa bakwai, ba hayaƙi, ba ƙara.

Shimfiɗar cikin kwami haka take. Santimita 20 na farko ana barin ƙarfe tsirara, nan ake zuba kaya ruwa ya warware su. Sai guntun tabarmar roba mai layi-layi kamar tsawon tafin hannu, layinta a gicciye, nan ake leƙawa a ga ko ana samu. Sauran tsawon duk tapi ne, tsani ya danne shi. Dannewar nan a kula da ita. In akwai ɗan sarari tsakanin tsani da tapi, ko tsakanin tapi da bango, ruwa zai bi ta nan da ƙarfi ya kwashe abin da aka tara. Mun cusa yankin tsohon tib na babur a gefe biyu har ya matse.

Gangare shi ne zuciyar aikin. Ana farawa da santimita 8 a mita ɗaya, wato kan kwamin ya fi ƙarshensa tudu da kimanin faɗin yatsu huɗu. Gefe da gefe kuma sai ya daidaita. Mun kwantar da gorar ruwa da ba ta cika ba a gicciye, muka yi ta cusa duwatsu har kumfar ta tsaya tsakiya. Ruwa ya rufe tsanin da kamar kaurin yatsa, yana tafiya sumul, ba farin kumfa. Daga nan sai kallo. Bayan kowane ƙarfe na tsani ruwa yana yin ɗan juyi, kuma in gangare ya yi daidai za ka ga yashin da ke wurin yana rawa kamar tafasar kunu, farin yana ficewa, baƙin yana zama. In yashin ya daskare ya binne ƙarafunan, gangare ya yi kaɗan ko ruwa ya gaza, zinariya za ta bi ta sama kamar a kan titi. In kuma tapin ya fito fes ba ko baƙin yashi, gangare ya yi yawa. Ana gyarawa da kaurin yatsa ɗaya, a jira, a sake duba.

Ɗalibin ya kawo wata dabara da na ga amfaninta. Ya yanka wayar tagulla guntu goma, kowane kamar ƙwayar shinkafa, ya cakuɗa su a bokitin tsakuwa na farko. Tagulla ba ta kai rabin nauyin zinariya ba, don haka kwamin da ya kama tagulla zai kama zinariya mai irin wannan girma. Karon farko bakwai muka tsinta, uku suna cikin bokitin shara. Muka rage gangaren kaɗan, muka rage saurin zuba kaya, karo na biyu goma cif, takwas ma a tafin hannu biyu na farko. Wasu da harsashin dalma suke wannan gwaji. Kada a yi, don wanda ya ɓace ya zauna cikin ƙoramar ke nan.

Kafin kaya su hau kwami sai an tace su. Ana ɗora rariya mai ido 12 kan mai ido 6, a jijjiga cikin baho na huɗu. Duwatsun da suka rage a sama a wanke su da hannu, a dube su, a tara su gefe, don da su za a cike rami. Dalilin tacewa shi ne ruwan da zai iya tura dutse kamar ƙwan zabo ya fi ƙarfin ƙwayar zinariya mai laushi, tare za su fita. Babban ɓarawo kuwa yumɓu ne. Curinsa yana mirginawa a kan tapi, zinariyar da ta riga ta zauna ta manne masa, ya fice da ita. Haka kuma shi ke kaurara ruwa, kuma ruwa in ya yi kauri kamar koko, ƙananan ƙwayoyi ba sa samun nutsewa kafin su kai ƙarshen kwami. Saboda haka muka jiƙa tsakuwar minti ashirin, muka murje ta da hannu har ba curi, muka tsiyaye jan ruwan a wani ɗan gurbi da muka tona a busasshen yashi nesa da tafki. Yashi ya tsotse ruwan, lakar ta zauna a sama.

Zuba kaya da gwangwanin tumatir muke yi, gwangwani ɗaya, a ƙirga goma zuwa sha biyar, a ga kan ƙarafunan ya bayyana, sannan a ƙara. Bokiti mai lita 10 yana cin kusan minti goma. Mai gaggawa zai ga kamar ɓata lokaci ne, amma wanda ya juye rabin bokiti lokaci ɗaya ya toshe tsanin, kuma duk abin da ya biyo baya asara ne. Haka nan ba a kashe famfo a kunna barkatai, domin ruwan farko da ke zuwa da ƙarfi yana tayar da abin da ya kwanta. Kowane bokiti biyar muna ɗibar tasa ɗaya daga sharar ƙarshen kwami mu wanke. In aka ga ko ƙwaya ɗaya a ciki, akwai abin da ya lalace, a tsaya a nemo shi.

Wajen azahar ruwan bahon ya fara kauri duk da haka, domin yashi cikin daƙiƙoƙi yake kwanciya, laka mai laushi sai ta yi awoyi, yumɓu kuwa har kwanaki. A nan zogale ya yi mana rana. Mun ɓare busassun 'ya'yansa, kamar ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya ko biyu, muka daka, muka kaɗa garin cikin gora da ruwa mai tsabta, muka zuba a bahon bayan an kashe famfo. Aka juya da sauri minti biyu, a hankali minti biyar, aka bari. Kafin mu idar da salla mu ci abinci lakar ta dunƙule ta kwanta. Muka tsiyaye ruwan sama, muka kwashe lakar zuwa gurbin nan, muka ci gaba.

Kwashe kwami da la'asar muka yi. An daina zuba kaya, an bar ruwa ya gudana minti biyu, an kashe famfo. Aka sa ƙarshen kwamin cikin baho mai ruwa mai tsabta, aka ɗaga tsani a hankali aka ɗauraye shi a ciki, aka naɗe tapin kamar tabarma, aka tsoma shi aka yi ta karkaɗawa, a juya a sake, sau uku. Abin da ya taru bai fi cikin kwano ɗaya ba, yawancinsa baƙin yashi. Shi ake ɗiba kaɗan-kaɗan a baƙar tasa, a girgiza gefe da gefe mai nauyi ya nutse, a karkata bakin tasar ruwa ya lashe na sama, a sake girgizawa. Ɗigon sabulun ruwa ɗaya a bahon ƙarshe yana hana ƙwayoyi masu faɗi tasowa, amma wannan ruwa ba a mayar da shi ƙorama. Maganaɗisu ana sa shi cikin leda, a wuce da shi sama da baƙin yashin ba tare da an danna ba, a kai kan wata tasa, a zare shi daga ledar yashin ya zube. Wannan tasa ma a sake wanke ta, domin zinariya kan maƙale tsakanin ƙwayoyin.

Dattijon ya durƙusa ya leƙa tasar. A gefe ɗaya, inda baƙin yashi ya janye, ga wani siririn layi rawaya. Ya sa yatsa ya nuna wasu 'yan ɓarɓashi masu walƙiya da ke yawo a ruwan ya ce, "Waɗannan fa?" Ɗalibin ya ce, "Baba, kare su da inuwar hannunka." Ya kare, walƙiyar ta mutu, layin nan kuwa yana nan da launinsa. Ya ɗauki allura ya danna ɗaya daga masu walƙiyar, ta farfashe. Ya danna ƙwayar zinariya, ta baje ba ta fashe ba. Da busasshen yatsa muka riƙa ɗaukarsu ɗaya-ɗaya muna taɓawa a bakin kwalba mai ruwa. Bokiti ashirin muka wanke, abin da ya fito bai rufe gindin 'yar kwalbar ba. Wanda zai fita wannan aiki ya san haka tun daga gida.

A nan dattijon ya kawo maganar da nake jira. Ya ce ɗansa ya yi aiki a wuraren haƙa, kuma can zaiba suke zubawa, wadda suke kira makuri, ta haɗiye zinariyar, a matse a tsumma, a ƙona a cokali. Ya ce, "Ku ba ku zo da ita ba?" Na ce, "Baba, ba mu zo da ita ba, kuma don Allah ka hana shi." Zinariyar ƙorama a sake take, ruwa ya riga ya raba ta da dutse, tasa da haƙuri sun isa. Zaiba tana tafasa a digiri 357, garwashi ma ya wuce haka, kuma tururinta ba launi ba wari. Mai ƙonawa yana shaƙa, matarsa da 'ya'yansa suna shaƙa, ya lafe a bango da tufafi. Tana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, ta kawo rawar hannu da mantuwa, ta fi yin ɓarna ga ɗan da ke ciki. Wadda ta zube a laka kuma ba ta ruɓewa. Ƙwayoyin halitta na cikin taɓo suna mayar da ita wata guba da ke taruwa a jikin kifi, kuma masuntan tafkin Madarunfa ba nisa suke ba. Garin Minamata na ƙasar Japan ta hanyar kifi wannan guba ta nakasa mutanensa, shi ya sa yarjejeniyar duniya ta rage amfani da zaiba, wadda aka sa wa hannu a 2013 ta fara aiki a 2017, take ɗauke da sunansa. Wanda ya tara abin da ya isa narkawa ya kai wa maƙerin zinariya. Da garin boras, wani farin sinadari da ke narkar da datti, da wuta mai ƙarfi ake yi, zinariya tana narkewa a digiri 1,064, dattin ya taso sama ya rabu.

Na ƙara masa da gargaɗin dutse. Ɗalibin ya tsinci farin dutse mai tsatsa-tsatsa a ƙoramar, kuma na san abin da ke zuwa zuciyar mutum: a kai gida a daka a turmi. Abin da ya faru a Zamfara ke nan a 2010. Dutsen da ake haƙowa a yankunan Anka da Bukkuyum yana ɗauke da dalma, aka riƙa niƙa shi a bushe cikin gidaje, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. Ido ba ya iya tabbatar da dutsen da ba shi da dalma. Kada dutse ya shiga gida, kada turmin abinci ko injin niƙan hatsi ya taɓa shi, tufafin aiki ma a wanke su a waje. Dattijon ya yi shiru, ya ce ya ji labarin a rediyo a lokacin.

Cike rami ya ci mana kusan awa ɗaya, kuma tun da safe muka ware masa lokacin, domin wanda ya bar shi sai magariba ba zai yi ba. Ramin da aka bari yana karya ƙafar saniya, yaro ya faɗa, ruwa ya kwanta sauro ya yi ƙwai. Yadda aka ciro haka ake mayarwa. Manyan duwatsu a ƙasa, sai lakar da ta sha iska a gurbi a cusa ta tsakaninsu don kada ruwan farko ya kwashe ta lokaci ɗaya, sai tsakuwar bokitin shara, a tattaka, sannan yashin sama da muka ware gefe tun farko. Babban dutsen da muka mirgina muka mayar da shi mazauninsa, gefen da ya yi gansakuka yana sama kamar da. Baƙin yashin da aka gama da shi ya koma ramin. Ruwan bahon muka zuba a hankali kan busasshen yashi, mai sabulun kuma can tudu bayan gona. Leda da guntun tib da wayar tagulla goma duk suka shiga buhu. Takalman roba ba mu cire su ba sai a mota, don ruwan kwance a wannan ƙasa ba ya rasa tsargiya.

Dattijon ya zagaya wurin yana caka sandarsa a inda ramin yake, sandar ba ta nutse ba. Shanu sun fara gangarowa tafkin, ana hango tsakuwar gindinsa daga inda muke tsaye. Muna ɗaure baho a mota ya matso ya ce, "Malam, rubuta mini awon kwamin nan, yaron zai zo ranar kasuwa." Na yage takarda na zana masa: mita ɗaya, santimita 15, ƙarafuna shida, baho uku, bututu mai faɗi. Ya ce shi santimita ba ta zama a kansa. Sai na kama hannunsa na jera yatsunsa huɗu a ƙarƙashin kan kwamin, na ce iyakar tudun ke nan, daga nan sai ya kalli yashi, in yana rawa ya bari, in ya daskare ya ƙara yatsa ɗaya. Ya ninke takardar ya sa cikin hularsa.